Faranti Na Goma Sha Tara

Glenys Trezise tana da wani jan kwaɗo da ta fi ji da shi fiye da zoben aurenta. Zoben ma ba ta sawa. Tun ranar da ta fara aikin wutar lantarki ta zare shi ta jefa a gwangwanin shayi, don mai taɓa waya ba ya son ƙarfe a yatsa. Amma makullin kwaɗon nan, shekara talatin da ɗaya yana rataye a wuyanta da igiyar takalmi. Duk gidan da ta je aiki a yankin Minlaton, sai ta kashe babban makunni, ta datse shi da kwaɗon, ta jefa makullin cikin riga, sannan ta jingina tsani.

Ko bayan haka ba ta taɓa waya sai ta yi gwaji sau uku. Za ta ɗora testa, na'urar gwada wuta, a inda ta san akwai wuta, ta ji ta yi ƙara. Ta ɗora a wayar da za ta yi aiki a kai, ta ji shiru. Ta sake komawa wurin farko, don ta tabbata ba testar ce ta mutu a tsakani ba. Manoma har sun sa mata suna Sau-Uku. Suna tsaye da hannu a aljihu suna cewa, "Ke Sau-Uku, na ce miki na kashe, ko ƙarya zan yi miki?" Ita kuwa ko kallonsu ba ta yi. Mutumin da ya koya mata aiki, Clarrie Opie, wannan maganar ce ta ƙarshe da ya ji a duniya. A wata rumfar askin tumaki wani ya ce masa ya kashe, ya yarda, ya kama waya. Glenys ce ke riƙe da tsanin.

Sannan akwai Merv, mijinta. Da can mai askin tumaki ne, ƙato, yana juya rago kamar matashin kai. Shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi a keken guragu shekara tara ke nan. Ita ke ɗaga shi da safe, ita ke kwantar da shi, kuma ba su da kowa a kusa. Idan wata rana ba ta sauko daga rufi da ƙafafunta ba, babu mai ɗaga Merv daga gado washegari. Ta sani, ya sani, shi ya sa ba sa zancen sai da wasa.

"Tsohuwa, ina mijinki na gaskiya?" haka yake tambaya kullum in za ta fita.

Sai ta dafa ƙirji inda makullin yake. "Ga shi nan. Ya fi ka amfani."

"To gaishe shi. Ki dawo min ɗanya, ni ba na cin ƙonannen nama."

Da sola ta cika yankin, kusan rabin rufunan kwano daga Minlaton zuwa bakin teku ita ta hau. Irin wanda ta fi so shi ne mai ƙananan inbata, wato kowane faranti da nasa ɗan akwati a maƙale a ƙarƙashinsa, bai fi girman littafi ba, yana mayar da abin da rana ta ba shi ya zama wutar gida. Abu biyu ya sa take son su. Na farko, 'yan tonon asiri ne. Kowane yana aika rahotonsa ta cikin wayar wutar kanta zuwa wani akwati a bango, daga nan ya fito a wayar hannunta, faranti ɗaya gida ɗaya, kamar zanen dara. Wanda ke aiki shuɗi, wanda ya kwanta toka-toka, tun tana ƙasa ta san wanda za ta ɗaga. Na biyu, matsorata ne. Da an ɗauke wutar layi suke mutuwa nan take, kuma ba sa farkawa sai wutar ta dawo ta yi kamar minti ɗaya. Inbata ba ta aiki a gidan da babu wuta. Wannan kam Glenys ta yarda da shi kamar sunanta.

To, sai ga maganar gidan Lyle Penhall.

Lyle tsoho ne ɗan shekara tamanin da ɗaya, manomin sha'ir, yana zaune shi kaɗai a ƙarshen wata hanyar burji. Faranti goma sha takwas ta sa masa da hannunta. A watan Satumba, tana cin abincin rana a cikin a-kori-kurarta tana duba gidajen mutanenta a waya, ta ga na Lyle sun zama goma sha tara. Na ƙarshen yana can gefe shi kaɗai, ba ya cikin layi, shuɗi shar. Ta ƙirga da yatsa, ta sake ƙirgawa. Ta buɗe tarihinsa. Safiya duka a kwance yake, rana na dukan kowa shi ko motsi. Sha biyu da minti ɗaya ya farka. Ƙarfe ɗaya daidai ya mutu. Jiya haka, shekaranjiya haka, mako uku a jere. Lambarsa ta ƙare da sifili, huɗu, huɗu, bakwai.

Ta bi abin bi-da-bi yadda ta saba. Ta je gidan da safe ta ƙirga farantan daga ƙasa, ta hau ta ƙirga. Ta buɗe babban littafinta, inda take manna lambar kowace inbata da ta taɓa ɗaurawa bisa zanen rufin, babu wannan lamba a ciki. Ta buga wa kamfanin da ke yin su, wani mai zaƙin murya ya ce ai wannan ba komai ba ne, ta maƙwabta ce muryarta ta biyo waya, ta goge ta kawai.

"Wace maƙwabta?" ta ce. "Gida mafi kusa da ke da rayayyen mutum kilomita goma sha ɗaya ne."

Ta ce rayayye ne saboda akwai gidan Roy. Roy ƙanen Lyle ne, gidansa bai fi taku ɗari huɗu daga na wansa ba, layin itatuwa ne kawai a tsakani. Shekara ashirin da shida 'yan'uwan nan ba su ce wa juna uffan ba, a kan ƙofar shinge da aka bari a buɗe tumaki suka shiga gona suka yi ɓarna. Har yau ba a san wanda ya bar ta ba. Gabar ta kai ko mai gyaran wuta ba sa haɗawa. Da Roy ya ji Glenys ce ta yi wa Lyle sola, sai ya kira wasu daga birnin Adelaide, suka zo suka ɗaura masa takwas a yini ɗaya suka gudu, ba zane ba takarda. Roy ya mutu a watan Yuli. Lyle bai je jana'iza ba, an dai gan shi a bakin shinge da hula a hannu. A watan Agusta aka zo aka yanke wutar gidan daga falwaya, kuma Glenys ta ga wayar a naɗe a saman turke da idonta.

Ta nuna wa Lyle wayarta. Ya miƙa wuya, ya matse ido.

"'Yar nan, ni me na sani a wannan abin naku? Fitila tana kamawa, firji yana sanyi. In kin samu faranti na banza ki bar min shi."

Ta yi niyyar ta dawo da tsakar rana ta tsare abin da idonta. Sau ɗaya ta zo ta tarar da sarƙa a ƙofar gona, kuma kowa ya san Lyle ba ya ganin baƙo da azahar. Sai girbi ya kama, injuna suna lalacewa ta ko'ina, ana kiranta daga gabas da yamma. Abin ba ya cutar da kowa, ta bar shi. Nan kam ta yi sake, kuma ita da kanta take faɗa. Sai dai bai bar ta ba. Duk inda take, sha biyu na wucewa sai ta ciro waya ta leƙa, ta ga ya buɗe ido, ta mayar aljihu da wani sanyi a bayan wuyanta.

A watan Janairu, tsakiyar lokacin zafi a ƙasarsu, Raelene, 'yar marigayi Roy, ta bugo daga Adelaide. Za a rushe gidan, tana so a sauke farantan tukuna. Ta aiko da takardar yanke wuta, da hatimi da komai.

"Kin gaya wa baffanki zan zo?" in ji Glenys.

"Wannan tsohon? Ban gaji komai a wurin babana ba sai rashin yi masa magana, ki bar ni da gadona."

Ranar zafi ya kai arba'in da ɗaya, iskar arewa tana busowa kamar daga bakin tanda. Wani famfon tumaki ya cinye mata safiya, ba ta iso ba sai sha ɗaya da kwata. Ta bi ta bayan gidan ta ajiye mota a inuwar tankin ruwa, inda ba a hango ta daga ko'ina. Gidan shiru. Ciyawa ta bushe har gwiwa, takalman Roy biyu suna nan a bakin ƙofa, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsu. Ƙofofi a kulle, labule a sake. Taga ɗaya ce kawai a buɗe, ta kicin, wadda ke kallon layin itatuwa. An tokare ta da guntun katako, kuma a kan dakalinta akwai tsohuwar rediyo, fuskarta na kallon waje. Glenys ta tsaya tana kallonta. Wa ke ajiye rediyo ta juya wa ɗaki baya? Ta ce a ranta halin tsofaffi ne, ta wuce.

Ta duba falwaya, waya a naɗe. Ta buɗe akwatin makunnai, ta kashe babba, ta kashe wanda aka rubuta wa sola, ta datse jan kwaɗo, makulli cikin riga. Ta ɗaura ɗamarar igiya, ta hau. Kwanon yana ƙona gwiwa ta cikin wando. Ta buɗe akwatin haɗin waya da ke gefen farantan ta yi gwajinta: testa a batirin gwaji, ƙara, a waya, shiru, a batiri kuma, ƙara. Matacciya ce murus. Ta zare safar hannu ta roba, don gumi ya cika ta har yana zuba, ta kwance wayoyin uku da suka fito daga cikin rufi ta bar su a tsaye, jan ƙarfensu tsirara. Ɗaya ta ɗan lanƙwaso, tsakaninta da kwano bai fi faɗin yatsa ba. Ba ta damu ba, ai ta gwada.

Ta kwance farantin da ya fi kusa da akwatin, ta ɗaga shi ta jingina. Ga inbatarsa a ƙasa, ƙura ta rufe ta. Ɗabi'a ce kawai ta sa ta goge takardar lambar da babban yatsa, don ba ta sauke inbata ba ta rubuta lambarta ba.

Sifili, huɗu, huɗu, bakwai.

Wallahi da farko ba ta ji tsoro ba, wani irin haushi ta ji, kamar ka daɗe kana neman mutum ka same shi zaune a kujerarka. Wata huɗu tana kallon abin nan, ashe a kan rufin mamaci yake. Sai kuma hankalinta ya fara jero abin da ta sani, ɗaya bayan ɗaya, kowane ya fi na baya sanyi. Inbata ba ta aiki a gidan da babu wuta. Wannan tana aiki kullum. Muryarta tana bin waya, kuma cikin takwas ɗin tata ce kaɗai ta isa har bangon Lyle, ke nan akwai wayar da ba ta bi ta falwaya ba, ba ta bi ta kwaɗonta ba. Tana farkawa sha biyu da minti ɗaya, kuma minti ɗaya take jira. Ke nan wutar sha biyu daidai take zuwa.

Ta juyo da agogon hannunta. Saura minti biyu.

Tana durƙushe a kan kwano, jiƙe sharkaf da gumi, an ɗaure ta da igiya a rufin, kuma ga waya tsirara tana rawa a iska, yatsa ɗaya tsakaninta da ƙarfen da take kai. Jikinta ya ce ta gudu. Amma kafin ta kwance igiya ta kai tsani, lokacin ya cika, kuma in wayar ta taɓa kwano duk rufin ne zai ɗauka. Fuskar Merv ta zo mata, yana kwance yana kallon silin yana jiran ƙarar motarta. Ta ce da ƙarfi, ita kaɗai, "A'a."

Ta ja safar roba. Jiƙaƙƙen hannu ya ƙi shiga, ta tura shi da ƙarfin tsiya. Ta kama lanƙwasasshiyar da filaya mai hannun roba ta miƙar da ita, ta murɗa mata hular roba mai rufe bakin waya. Hular ta biyu ta suɓuce ta gangara kwano, ƙwal, ƙwal, ƙwal, ta faɗa ƙasa. Ta laluba aljihu ta samo wata. Ta uku. Ta soka bakin testa a cikin hulunan, ta ja da baya da gwiwa, ta shimfiɗa tabarmar roba ta zauna ta naɗe ƙafa.

Shiru. Iska ma ta tsaya. Har ta fara jin kunya, mace mai shekara hamsin da bakwai tana rawar jiki a gaban matacciyar waya.

Sai wani namiji ya yi gyaran murya a ƙarƙashinta.

A cikin gidan da aka kulle wata shida, muryar ta tashi tar, cikin natsuwa, tana gaishe da manoma, tana cewa iska daga arewa take, kada kowa ya kunna inji a gona yau. A daidai lokacin testa ta tsala ihu. Ɗari biyu da talatin da takwas, cikakkiyar wutar gida. Glenys ta zauna tana kallon lambar, rediyon Roy yana magana ta tagar kicin, ba ta san hawaye na zuba ba sai da ta ji gishiri a baki.

Ba ta ɗauki mota ba. Da ƙafa ta ratsa layin itatuwan, muryar tana bin bayanta tana raguwa. Ta samu Lyle a ƙofar rumfar injunansa, zaune a kan kifaffen bokiti, hula a gwiwa, ya karkata kunne wajen gidan ƙanensa. A bangon da ke bayansa akwai wani tsohon baƙin makunni mai hannu, an ɗaga shi sama, kuma wata waya mai kauri ta fito daga gindinsa ta nutse cikin ƙasa.

"Lyle! Me ka kunna?"

Ya zabura har bokitin ya kife. "Ke! Daga ina?"

"Daga kan rufin Roy! Hannuna a kan waya, tsohon banza, hannuna a kan waya!"

Jinin fuskarsa ya tsere. "Ban ga motarki ba. Na rantse ban gani ba. Kuma ai... ai an yanke gidan. Rediyo kawai nake ba wuta, soket ɗaya tak. Me ya haɗa shi da rufi?"

"Wuta ta san soket ɗaya? Ka taɓa ganin ruwa ya shiga gida ya tsaya a ɗaki ɗaya don an roƙe shi?"

A hankali maganar ta fito. Ubansu ne ya binne wayar da garma, tun zamanin da janareta ɗaya ke ba gidajen biyu haske. Ta cikin silin ta shiga gidan Roy, ba ta san akwatin makunnai ba, kuma mutanen Adelaide, da suka tarar da waya a kusa, a kanta suka ɗana solarsu don kada su wahala. Wannan daga baya Glenys ta gano shi. Abin da Lyle ya faɗa a ranar daban ne, kuma ƙasa yake kallo.

"Shekara ashirin da shida, sha biyu na yi zai kunna rediyon nan. Kurma ne, yana ƙure murya. Ina nan zaune ina ji. In na ji, na san ya tashi, ya ci abinci, yana nan. Ban taɓa ce masa sannu ba, amma ban taɓa fashin zama a nan ba." Ya murza hular. "Da aka yanke wutar, na yi mako biyu ina zuwa ina zama. Babu komai. Ke ba ki san irin shirun ba, 'yar nan. Sai na tuna da wayar Baba."

Glenys ta dafa ƙirji don ta tsayar da numfashinta, sai ta ji makullin a ƙarƙashin riga. Kwaɗonta yana can ƙetaren itatuwa, a datse gam, yana tsaron makunnin da ba ya tsaron komai. Shekara talatin da ɗaya tana taɓa makullin nan tana jin ta tsira. Tausayin tsohon ya kama ta, amma haushinsa bai sake ta ba.

"Sai na yanke ta, Lyle. Nan da can."

"Ki bari ƙarfe ɗaya ta yi. Saura kaɗan."

"A'a. Akwai waya mai rai a kan rufin da takarda ta ce matacce ne. Ko minti ɗaya ba zan ƙara mata ba." Ta sassauta murya. "Amma ba zan taɓa makunnin ba. Kashe da hannunka."

Ya daɗe a tsaye a gaban makunnin. Can nesa mai rediyo yana lissafa garuruwan da aka samu yayyafi. Lyle ya ɗora hannu ya ja ƙasa, muryar ta yanke a tsakiyar sunan wani gari.

Suka tsaya su biyu suna sauraron gonar.

"To," in ji Lyle. "Yau ya mutu ke nan."

Ta yanke wayar ta toshe bakinta a ɓangarorin biyu, bayan ta je ta ɗauko kwaɗon ta datse a makunnin rumfar Lyle, inda ya kamata tun farko. Ta sauke farantan takwas kafin la'asar. Rediyon ta kawo masa ta ajiye a kan bokitin. Ya ce ya gode, amma a kusa ba iri ɗaya ba ne.

Da ta isa gida Merv yana baranda a kekensa. "Ɗanya ko gasasshiya?" ya ce. Ta sunkuya ta zura hannu a ƙarƙashin hammatarsa kamar za ta ɗaga shi, sai ta tsaya a haka, fuskarta a wuyansa. Bai ƙara wasa ba, ya ɗora hannunsa mai lafiya a bayanta.

Har yanzu tana hawa rufi, har yanzu Sau-Uku ce. Sai dai yanzu in aka kira ta gidan da ba kowa, kafin ta sauke tsani sai ta zagaya ta buga ƙofar maƙwabta, ta tambayi wa ya mutu a nan, wa kuma ya bari. Wasu suna ɗauka ta fara taɓuwa. Faranti na goma sha tara kuwa ba ta goge shi ba, yana nan a gefen na Lyle, toka-toka. Kuma duk inda take, ko ta gwada sau uku, ko kwaɗo na datse, in sha biyu ta rage minti biyu sai ta janye hannunta daga waya ta jira.